CIWON DAJI: A KAI SHI A DUBA

Karatu: Littafin Firistoci 13:1-8, Markus 5:25-34.

Akwai wata cuta wadda mutanenmu ba su son kiran sunanta. In ta kama mutum sai a ce yana fama da "ciwon nan", ko a ce jifa ne, ko a ce an yi masa sammu. Sunanta ciwon daji. Waɗansu suna ce da ita sankara, a asibiti kuwa kansa a ke cewa. A wannan wata muna so mu kira ta da sunanta, gama abin da ba a ambatonsa a cikin ekklesiya, shi ne ke shiga gidajen masu bi da dare ya ɗauki iyayen 'ya'yanmu.

Masu ƙidaya na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce a shekarar 2020 mutum sama da 124,000 ne aka samu da wannan cuta a Nijeriya, kusan 79,000 kuma suka mutu da ita. Watau fiye da mutum 200 ke nan ko wace rana. Ba ta duba talaka ko mai kuɗi. Ita ce ta ɗauki Maryam Babangida a 2009, ita ce kuma ta ɗauki Dora Akunyili a 2014, ko da ya ke an kai su asibitocin ƙasashen waje. Amma abin da ya fi ba da tausayi a wajenmu shi ne, yawancin mutanenmu ba su isa gaban likita sai cutar ta riga ta ci jiki.

Mene ne ciwon daji? Allah ya gina jikin mutum da waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Ko wace ƙwaya tana da lokacin haihuwarta, da aikinta, da lokacin mutuwarta, wata kuma ta maye gurbinta. Ciwon daji ya kan fara sa'ad da wata ƙwaya ta lalace ta ƙi bin wannan tsari. Sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙullutu. In an bar ta, 'ya'yanta su kan bi jini su tafi hanta, ko huhu, ko ƙashi, su kafa sabon gida a can. Ko wane manomi ya san ƙuduji. Tun bai fito fili ba yana can ƙarƙashin ƙasa yana shan saiwar dawa. Wanda ya tuge shi kafin ya yi fure ya taimaki gonarsa, wanda ya bar shi ya zub da iri kuwa, shekara da shekaru zai yi yana fama. Haka wannan ciwo ya ke.

Bari mu kawar da abu biyu tun da wuri. Na fari, ciwon daji ba shaida ba ne cewa mutum ya fi sauran mutane zunubi. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin nan da aka haifa makaho, cikin Yohanna sura 9, suka so su san ko laifin wa ya jawo masa, Ubangiji bai yarda da tunaninsu ba. Abokan Ayuba ma sun zauna suna neman zunubin da ya ɓoye, a ƙarshe su ne Allah ya tsauta wa. Na biyu, ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin gaisawa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya a sujada. Wanda ya ware wa mai ciwon daji kwanonsa ya ƙara masa ciwo na biyu ne kawai.

Dokar dubawa

Mutane da yawa in suna karatun Littafi Mai Tsarki su kan tsallake Littafin Firistoci sura 13, su ce babu abin ƙarfafa zuciya a ciki. Mu kuwa muna ganin hikimar Allah a nan. An umarci Isra'ilawa, in mutum ya ga kumburi ko tabo a fatar jikinsa, a kai shi wurin firist ya duba. In firist bai tabbata ba, sai a jira kwana bakwai a sāke dubawa. In har yanzu da shakka, a ƙara waɗansu kwana bakwai. Ku lura, ba a ce mutumin ya zauna a gida ya yanke wa kansa hukunci ba. Ba a ce ya jira sai abin ya fara zafi ba. Ba a kuma ce ya rufe da riga domin kunya ba. An ce a kai shi wurin wanda aka koya wa dubawa.

Maganar kuturta a ke yi a wannan sura, ba ciwon daji ba, mai ciwon daji kuma ba mai ƙazanta ba ne. Amma ka'idar ba ta tsufa ba. Kakanninmu sun gan ta da idonsu a asibitin kutare na Yadakunya kusa da Kano, inda 'yan mishan suka yi aiki shekaru da yawa. Wanda ya zo da tabo ɗaya ya sha magani ya koma gida da yatsunsa goma. Wanda ya ɓoye sai da yatsu suka gutsure, an kashe cutar amma yatsun ba su dawo ba. Sunan wurin kansa ma wa'azi ne: ya da kunya.

Ruwan da mu ke noma da shi

Mu da ke zaune a Madobi da Kura da Bunkure da Garun Malam muna da dalilin gode wa Allah saboda ruwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da kewaye, rani ya daina zama lokacin zaman banza. Ga shinkafa, ga alkama, ga albasa, ga tumatir ana lodinsa a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Amma a cikin ruwan nan akwai wani abokin gaba wanda muka saba da shi har muka daina jin tsoronsa, watau tsargiya.

Ga yadda ta ke yi. Mai tsargiya ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsa su fita tare da fitsarin. Su ƙyanƙyashe, su shiga cikin 'yan ƙananan katantanwa da ke manne da ciyayin magudana, su girma a ciki, sa'an nan su fito suna iyo. Yaro ya zo wanka, ko mace ta zo wanki, ko manomi ya tsaya cikin ruwa yana dashen shinkafa, sai su huda fata su shiga ba tare da an ji ba. Su tafi su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Ƙwayayen nan su ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ya sa a ke ganin jini a ƙarshen fitsari. A waɗansu ƙauyuka har a kan ce yaro ya fara zama namiji ke nan. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Rauni ne. In raunin nan ya yi shekara ashirin ko talatin yana warkewa yana sabuntawa, a jikin waɗansu ya kan rikiɗe ya zama ciwon daji na mafitsara. Likitoci a Masar, inda a ke noman rani da ruwan Nilu, sun lura da wannan tun fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Maganin tsargiya kuwa ba shi da wuya. Ƙwaya ce mai suna Praziquantel, a kan ba yara ita a makarantu gwargwadon tsawonsu. In an zo rabawa kada ku hana 'ya'yanku, sai dai ku tabbata sun ci abinci tukuna. Manya ma su nema a asibiti, gama wanda ya koma cikin ruwa ya kan sāke ɗauka. Mu koya wa yara kada su yi fitsari a magudana. Mai halin sayen dogon takalmin roba ya saya. Dattijo kuma in ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, kada ya ce tsohuwar tsargiyar yarinta ce ta motsa. Ya tafi a duba shi.

Hanta da abin da ke cikin rumbu

Ciwon daji na hanta ya kan kama maza tun suna tsakiyar ƙarfinsu. Mutum ya rame, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi shawara, kafin 'yan watanni an yi jana'iza, mutane su ce an ba shi guba ne a wurin biki. Sau da yawa ba wanda ya ba shi kome. Abu biyu ne suka haɗu.

Ɗaya shi ne ciwon hanta irin wanda likitoci ke ce wa nau'in B. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kamar mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Uwa ta kan ba jaririnta wajen haihuwa. Ya kan bi askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, da ƙaho, da allurar da aka yi wa wani aka sāke yi wa wani, da kwanciyar mace da namiji. Tun 2004 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a Nijeriya, ta fari kuwa ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. To, a nan al'adarmu ta hana fita da jariri kafin suna ta kan cuce mu. Ko a gida aka haihu, uba ya ɗauki ɗawainiya a kai jaririn a yi masa allurar ran nan. Manya su yi gwajin jini. Wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, wanda ke da shi kuwa akwai magani mai danne shi, ya kuma rabu da burkutu da ko wace irin giya sam, gama hantarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya biyu.

Na biyun yana cikin rumbunmu. Gyaɗa ko masara in an adana ta da danshi ta kan yi hunhuna, hunhunar nan kuwa tana fid da wani dafi wanda dafuwa ba ta kashe shi. A Ingila aka gano shi bayan 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu don sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai hunhuna. Mu kuwa mun saba mu tsince mai kyau mu kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar mu bar wa gida a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita. Ashe baƙo mu ke ba lafiya, 'ya'yanmu mu ba su dafi. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, ya bushe sarai kafin a zuba a buhu. A ɗora buhu a kan katako. Ƙwayar da ta yi baƙi ko kore ko ta yi ɗaci, a zubar.

Ga iyayenmu mata

A nan za mu daɗe kaɗan, gama ciwon daji na nono shi ne ya fi ko wane yawa a ƙasarmu, na bakin mahaifa kuma yana biye da shi a cikin mata.

Ya ku 'yan'uwa mata, ko wace ta san nononta. Sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki, ki duba, ki kuma shafa da tafin yatsunki har cikin hammata. Abin da za ki nema shi ne ƙullutu, ko wurin da fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya koma ciki, ko jini na fitowa daga gare shi, ko kaluluwa a hammata. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma hannunki ba zai iya rarrabewa ba, hannun ungozoma ma haka. Ga kuma abin da ke ruɗin mutane: na daji a farkonsa ba ya cika yin zafi. Mace ta ce, "Ai ba ya damuna." Rashin zafin nan ba dalilin kwanciyar rai ba ne. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan ciwo ta ƙara lura, wadda ta kai shekara 40 kuma ta tambayi likita zancen hoton nono. Sa kuɗi cikin rigar nono ba ya kawo shi, kamar yadda a ke faɗa. Shayarwa ma tana rage haɗarinsa ne.

Mun san yadda abin ya kan tafi. A fara da shafe-shafe. Daga nan a kai wa wanzami ya yi sakiya. Daga nan a ji labarin wani mai magani a wani gari, a sayar da akuya a tafi. Wata shida, shekara guda, nono ya fashe ya zama gyambo mai wari, sa'an nan a ɗauki matar a kai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. In ta mutu sai a ce, "Kun gani, asibiti ba su iya wannan ciwo ba." Ba a kan ƙidaya watannin da aka ɓatar a hanya ba. Akwai kuma masu cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon sai ya bazu, don haka su kan ƙi yarda likita ya ɗebi ɗan nama ya auna. Wannan awo shi ne kaɗai hanyar sanin ko daji ne, da kuma irin maganin da zai ji. Jinkiri ne ke baza ciwon, ba awo ba.

Ku mazaje, da ku mu ke yanzu. Mata da yawa sun ɓoye ciwo ba don jahilci ba, sai don tsoron abin da maigida zai ce: tsoron kuɗi, da tsoron in an yanke nono zai juya mata baya. Manzo Bulus, cikin Afisawa sura 5, ya auna ƙaunar miji ga matarsa da ƙaunar Kristi wanda ya ba da ransa domin ekklesiya. Alkawarin da ka yi a gaban jama'a ran aure bai ce sai in jikinta yana nan cikakke ba. In likita ya ce a cire nono domin a ceci rai, kai ne ya kamata ka fara ƙarfafa ta, kai ne za ka sayar da buhun shinkafa ba tare da gunaguni ba. Mace mai nono ɗaya tana iya renon 'ya'yanta ta ga jikokinta.

Na bakin mahaifa kuwa, wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo shi, ta wurin kwanciyar mace da namiji. Ƙwayar tana da yawa ƙwarai a duniya, jikin yawancin mutane ya kan kore ta da kansa. A jikin waɗansu mata ne ta kan zauna, ta yi shekara 15 ko 20 tana aiki a ɓoye. Kada kowa ya ɗauki wannan ciwo shaidar zina a kan mace. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunsa. Alamunsa su ne jini bayan kwanciya da miji, jini a tsakanin al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke ɗungum don tsufa, ko ruwa mai wari wanda ba ya jin magani. A 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, wajen 8,000 suka mutu.

Abin baƙin ciki ne, gama wannan yana cikin waɗanda suka fi sauƙin tarewa. Tun da ya ke yana daɗewa kafin ya zama daji, ana iya ganinsa a hanya. Ma'aikaciyar asibiti ta kan shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a kashe shi tun bai zama kome ba. Aikin 'yan mintoci ne. Ko wace mace daga shekara 30 zuwa 49 ya kamata a duba ta ko tana jin lafiya ƙalau, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa tun daga shekara 25. Akwai kuma rigakafi. Ran 24 ga Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta. Mun ji masu cewa tana hana haihuwa. Tun 2006 a ke yin ta a ƙasashen duniya, 'yan matan da aka yi wa sun yi aure sun haihu. Irin wannan jita-jita ce ta sa aka tsai da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yara kuwa su ne suka biya da ƙafafunsu. Zumuntar Mata tana da murya a ko wace ekklesiya. In ta tashi a kan wannan magana, kamar yadda ta kan tashi a kan zancen gina ɗakin sujada, za a ga bambanci.

Maza, da yara

Namiji in ya wuce shekara 50 ya ga fitsari yana yi masa wuya, ko yana tashi sau da yawa da dare, ko bayansa na ciwo ba dalili, ya je a duba wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet. Sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, amma ciwon dajin wannan wuri shi ne kan gaba a cikin mazan ƙasarmu. Taba kuwa, tun 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka nuna shanta yana kawo dajin huhu. Ko ta sha, ko ta shaƙa, ko ta sa wa a baki, ko shisha ta samarin yanzu, ba mu da abin ƙarawa sai a bari. Mai feshi a gona ya rufe hanci da jiki, ya yi wanka bayan ya gama, kada kuma a zuba ruwan sha ko man gyaɗa a galan ɗin maganin feshi. Zabiya ya sa malafa da riga mai dogon hannu, gama rana tana yi wa fatarsa lahani. Tsohon gyambo wanda ya ƙi warkewa, tarin da ya wuce mako uku, haɗiya da wuya, jini a bayan gida, rama ba dalili, duk na kai wa likita ne.

Yara ma ba su tsira ba. A 1957 wani likitan fiɗa mai tsoron Allah daga ƙasar Ayalan, sunansa Denis Burkitt, ya ga wani yaro da kumburarren muƙamuƙi a asibitin Mulago a Kampala ta Uganda. Da ya sāke ganin wani irinsa, bai ce tsautsayi ba ne ya wuce. Ya bincika, ya rubuta labarin ciwon a 1958. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka yi tafiyar mil wajen 10,000 a mota suna bin asibitoci, da yawansu na mishan, suna tambaya ina a ke ganin ciwon. Aka tarar ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Mu da ke kwana kusa da fadamun shinkafa sai mu riƙe gidan sauro da kyau. Wannan ciwo yana girma da sauri ƙwarai, amma yana cikin masu jin magani in an zo da wuri. Haka kuma in uwa ta ga wani fari yana ƙyalli a tsakiyar idon ɗanta kamar idon kyanwa da dare, kada ta tsaya ɗiga nono ko tozali. Asibitin Ido na ECWA yana nan a Kano tun 1943.

Addu'a da magani

Wani zai ce, "Fasto, ina bangaskiya a cikin wannan duka? Ba Sarki Asa aka zarga don ya nemi masu magani ba?" A karanta 2 Tarihi sura 16 da kyau. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba. Tun kafin ciwon ƙafarsa ya riga ya dogara ga Sarkin Suriya, ya kuma jefa annabin da ya tsauta masa a kurkuku. Ku dubi Hezekiya kuma, cikin 2 Sarakuna sura 20. Ya yi kuka ya yi addu'a, Allah ya ji ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Wanda ya kawo alkawarin shi ne ya kawo maganin. Luka wanda ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus kuwa bai ce ya bar aikinsa ba.

Matar nan ta Markus sura 5 ta yi shekara goma sha biyu tana zub da jini, ta kashe dukan abin da ta ke da shi wurin masu magani, ba sauƙi. Littafi bai ce ciwon daji ne ba, amma ko wace mace mai wannan ciwo ta san irin kunyarta da irin talaucinta. Ta zo ta baya a ɓoye, ta taɓa rigarsa ta warke. Yesu kuwa bai bar ta ta sulale ba. Ya tsaya sai da ta fito ta faɗi abin da ke damunta a gaban jama'a, sa'an nan ya kira ta 'yarsa. Abin da ta yi shekaru tana ɓoyewa, bai zama abin ƙyama a gare shi ba. Muna gaskata Ubangiji yana warkarwa har yau, da magani ko ba magani, yadda ya ga dama. Amma mai wa'azin da ya ce wa mara lafiya ya zub da maganinsa don ya nuna bangaskiya, yana gwada Allah ne da ran wani. In wani ya ce an warkar da shi a wurin addu'a, mu yi murna tare da shi, sa'an nan ya koma a auna shi. Kutaren da Yesu ya warkar ma ya aike su wurin firist ya duba.

Hanyoyin magani a asibiti uku ne manya. Akwai fiɗa, a cire ciwon. Akwai magani mai ƙarfi da a ke sa wa ta jijiya, wanda a ke kira kemo, a kan yi shi zagaye-zagaye da hutu a tsakani. Akwai gashi da na'ura, irin wanda a ke zuwa Shika ta Zariya ko Abuja dominsa. Waɗansu matan kuma a kan ba su ƙwayoyi su sha shekara biyar ko fiye. Kemo yana sa amai da kasala, gashin kai ya zube, amma ya kan sāke tsirowa. Haɗarin da ya fi yawa shi ne mutum ya ji sauƙi bayan zagaye biyu ko uku, ko kuɗi su ƙare, ya daina zuwa. Ciwon ya kan dawo da ƙarfi fiye da dā.

A nan ne aikin ekklesiya ya ke. Maganin nan yana da tsada, gida ɗaya ba ya iya ɗauka. Mun iya tara kuɗi da hatsi ran jana'iza, mu yanka dabba mu ciyad da baƙi. Da rabin wannan ya zo wata shida kafin ran nan, da wataƙila ba a yi jana'izar ba. Muna roƙon dattawan ko wace ekklesiya su keɓe wani abu daga baikon godiya na kaka domin marasa lafiya, su kuma sa mutum ɗaya mai karatu wanda zai riƙa raka su Kano, ya riƙe takardu, ya tambayi likita abin da ba a gane ba, ya tambayi ofishin taimakon marasa galihu na asibitin ko akwai wani sauƙi. Matasa su yi wa mara lafiya gayya a gonarsa. Masu lafiya su ba da jini in an bukata.

Akwai kuma waɗanda likita zai ce ciwonsu ya wuce warkewa. Ba a gama da su ba. Akwai magani mai kashe zafi ƙwarai, irin su mofin, wanda likita ke rubutawa, shansa kuma ba zunubi ba ne. A wanke gyambon ko wace rana, a sāke shimfiɗa, a buɗe taga. In ba ya iya zuwa sujada, 'yan mawaƙa su je su yi masa waƙa a gida, fasto ya kai masa Jibin Ubangiji. In ya tambayi gaskiyar halin da ya ke ciki, kada a ruɗe shi da cewa gobe zai tashi. A faɗa masa a hankali, domin ya sami zarafin shiryawa da wanda suka ɓata, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda ya ke bi, ya nuna iyakar gonarsa a gaban shaidu, ya kuma faɗi wanda zai riƙe 'ya'yansa.